Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Damagaram: kada takarda ta raba ma'aikacin da ya nakasa da fanshonsa

Zuwa ga Ofishin Ministan Ma'aikatan Gwamnati da Ƙwadago, da shugabannin asusun fansho na CARENI, Yamai.
Ta hannun Mai girma Gwamnan Jihar Damagaram.

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan takarda mutane ne da aiki ya haɗa mu da dosiyen ma'aikata a jihar nan, wasunmu a ofisoshin kula da ma'aikata, wasu a asibiti, wasu a ƙungiyoyin ƙwadago. Magana ɗaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Ma'aikacin gwamnati da ciwo ko hatsari ya kayar, doka ba ta yar da shi ba. Tun 1961 ƙasar nan take da tsarin fansho na ma'aikatanta, dokar ma'aikatan gwamnati ta 23 ga Yuli 2007 ta san da hutun jinya ta kuma san da barin aiki saboda nakasa, daga baya aka kafa CARENI ta gaji tsohon asusun FNR. Haƙƙin yana nan a rubuce. A hanya yake zubewa, tsakanin gadon asibiti da teburin da ake sa hannu, domin tsarin ya ɗora wa mara lafiya yawon da mai lafiya ma sai ya yi da gaske, ga kusan kilomita 900 tsakanin Damagaram da Yamai.

Bari mu fara da makon farko, domin a nan ake yin babbar asara ba tare da kowa ya lura ba.

Doka ta raba nakasa gida biyu: wadda aiki ya jawo, da wadda ta zo ta wata hanya. Bambancin kuɗi ne na har abada, domin wanda aiki ya nakasa yana da ƙarin diyya a kan fanshonsa, ɗayan kuwa abin da shekarun aikinsa suka ba shi kawai zai dogara da shi. Amma ba da baki ake tabbatar da cewa aiki ne ya jawo ba. A ɗauka malamin makaranta ne a wani ƙauye na Tanut, sufeto ya kira shi taro, ya hau babur, yashi ya kwashe shi ya karye a ƙugu. Abin da zai cece shi bayan shekara biyu, ranar da kwamitin tantance nakasa ya zauna a kan maganarsa, takardu huɗu ne. Takardar kiran taron ko ta umarnin tafiya, mai kwanan wata kafin hatsarin. Rahoton jandarmomi ko na 'yan sanda da ya faɗi wuri da lokaci. Takardar likitan da ya fara ganinsa, wadda ta lissafa raunukan ɗaya bayan ɗaya. Sai rahoton shugabansa na wurin aiki, da sunayen shaidu. Kowace a cikinsu tana da sauƙin samu a ranar, tana da wuyar samu bayan wata shida. Sufeton an yi masa canjin wuri, jandarman ba su rubuta komai ba tunda ba a kira su ba, wanda ya ɗauko shi a amalanke ba a san sunansa ba.

Takardar likita ta farko ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Idan aka rubuta karayar ƙafa kawai, aka manta da buguwar da ya yi a ka, to ciwon kai da mantuwa da farfaɗiyar da za su iya biyowa baya ba su da inda za a rataya su. Kwamiti zai tambaya ina shaidar cewa daga wannan faɗuwar suka fito, kuma yana da gaskiya ya tambaya. Ga kuma abin da kowa ya sani a ƙasar nan: mai karaya gidan maɗori ake fara kai shi. Ba mu zo kawo ƙarar maɗora ba, amma ɗori ba ya barin hoton ƙashi, ba ya barin kwanan wata. Ko iyali sun yanke shawarar zuwa can, a fara biyawa ta asibiti a ɗauki hoto a karɓi takarda. Roƙonmu na farko ke nan: a fitar da umarni a rubuce ga kowane darakta da sufeto da shugaban asibitin gunduma cewa rahoton hatsarin ma'aikaci nauyinsu ne, da wa'adin kwanakin da za su aika shi, da samfurin takardar da za su cike. A ɓangaren CNSS, asusun inshorar ma'aikatan da ba sa ƙarƙashin CARENI, an san mai ba da aiki yana da sa'o'i 48 ya sanar da hatsarin aiki. Shugabannin ma'aikatan gwamnati ma suna buƙatar ƙa'ida mai kaifi haka a gabansu.

Ciwon da ya zo a hankali kuwa tarkonsa daban ne. Hawan jini da ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da ya kai ga yanke ƙafa, ido da ke dushewa, ciwon ƙoda, taɓin hankali. Mutum ya kwanta, 'yan uwa su kwashe shi su tafi ƙauye neman magani, abokan aiki su rufa masa asiri saboda zumunci, ba wanda ya nema masa hutun jinya a hukumance. Ranar da aka zo binciken ma'aikata sai a tarar ba ya nan, ba kuma takardar da ta ce ga inda yake. A idon doka wannan gudun aiki ne, kuma gudun aiki yana kai ga tsayar da albashi da hukuncin ladabtarwa. Daga nan maganar ta tashi daga neman fansho ta koma neman wanke suna. Masu taɓin hankali su suka fi faɗawa wannan rami, domin iyali suna ɓoyewa saboda kunya, shi kuma mara lafiyar ba ya cikin halin da zai rubuta wa kowa. Muna roƙon kafin a ɗauki mataki a kan ma'aikacin da ya ɓace daga wurin aiki, a tura mutum ya je gidansa ya gani da ido, a rubuta abin da aka tarar.

Hutun jinya ma ba ya tafiya da kansa. Ana ba da shi ne zango-zango, kowane zango sai an sabunta da sabuwar takardar likita kafin na baya ya ƙare, sannan akwai lokacin da albashi ke komawa rabi. Wannan rabin shi ne ba a faɗa wa mutane da wuri. Mu yi lissafi da misali: mai albashin jaka 150 na sefa a wata, banki na cire masa jaka 45 na bashin da ya ci ya yi gini. Ranar da aka koma rabi zai ga jaka 75, banki ba zai rage nasa ba, saura jaka 30, a daidai lokacin da kuɗin magani ya fi yawa. Da an sanar da shi wata uku kafin ranar, da ya je ya nemi a sassauta masa biyan bashin, ya kuma duba ko bashin yana da inshorar nakasa, domin bashin banki da yawa ana ɗaura masa inshora a ranar sa hannu, mai shi bai karanta ba.

Kafin a kai ga ritaya akwai ƙofar da muke ganin ana saurin tsallakewa, wato sauya wa mutum aiki. Malamin da ba ya iya tsayuwa gaban allo yana iya riƙe rajista a ofishin sufeto. Ma'aikaciyar jinya da ƙafa ta hana ta zagayen ɗakunan marasa lafiya tana iya zama a wurin karɓar mutane ko ajiyar magani. Tunda ana lissafin fansho ne da shekarun aiki da matakin albashi, wanda aka sallama da shekara 12 a aiki zai tafi da abin da ba zai ciyar da gida ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2008, wadda ta ambaci har waɗanda suka samu nakasar suna cikin aiki, ga kuma dokar ƙasa ta 10 ga Disamba 2019 kan shigar da masu nakasa cikin al'umma. A ganinmu bai kamata dosiyen sallama ya wuce ba sai da takardar da ta nuna an nemi wani gurbi an rasa.

Idan ta tabbata ba makawa, sai maganar kwamitin tantance nakasa. Abin da ma'aikaci ya kamata ya gane shi ne kwamiti dosiye yake karantawa, ba tausayi yake aunawa ba. Takardar da ta ce "mara lafiya ne, ba ya iya aiki" ba ta da nauyi. Wadda ke da nauyi ita ce ta ƙwararren likitan ciwon, mai faɗin abin da aka gwada da sakamakonsa: ido na dama yana ganin kaza, na hagu kaza, gwiwa tana lanƙwasawa zuwa kaza, hannu ba ya riƙe alƙalami, ba ya iya wanka ko shiga ban ɗaki sai da mataimaki. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin buƙatar mai kula da mutum kullum abu ne da ake dubawa daban, kuma idan likita bai rubuta ba, babu mai ƙara shi. Dattijai da yawa saboda kara da jarumta suna ce wa likita "da sauƙi, alhamdu lillahi" alhali ɗaukarsu aka yi aka shigo da su. Godiyar Allah tana da wurinta, amma a ɗakin gwaji a faɗi abin da jiki ya kasa.

Akwai kuma lissafin kason nakasa da kwamiti ke yankewa, wanda ke jawo ɓacin rai don ba a bayyana shi. Mai nakasa biyu yakan haɗa su kai tsaye: kashi 40 cikin ɗari na ƙafa da kashi 30 na ido, ya ce 70. A ƙa'idar da aka saba a irin wannan awo, na biyun ana ɗaukarsa ne daga abin da ya rage na lafiya. An cire 40, saura 60, kashi 30 cikin ɗari na 60 shi ne 18, jimla 58. Mutum ya ga 58 ya ɗauka an cuce shi. Layi biyu na bayani a jikin takardar hukunci sun isa su kashe wannan zargi. Muna kuma roƙon a riƙa ba ma'aikaci kwafin hukuncin a hannunsa, da bayanin inda zai kai kuka da wa'adin da yake da shi, domin wa'adin ƙara yana tafiya ko mutum na kwance.

Babban roƙonmu a wannan gaɓa shi ne a rage tafiya. Damagaram tana da babban asibitin ƙasa da ƙwararrun likitoci. Duk gwajin da za a iya yi a nan, a yi shi a nan, a aika sakamako. Wanda ya taso daga Tesker ko Gure ko Belbeji ya riga ya sha hanya kafin ya iso birni, balle a ce ya ƙara yini guda cur a mota ta Maraɗi da Ƙonni da Doso, da mai rakiya, da kuɗin masauki. Mai shanyewar ɓarin jiki ko mai wankin ƙoda, irin wannan tafiya kanta ciwo ce.

Sai dosiyen fansho kansa. Abubuwa uku ne suka fi mayar da shi baya. Na farko suna. Mutum ɗaya ne, amma a takardar haihuwa Mahamadou, a takardar ɗaukar aiki Mahaman, a banki Maman, sunan uba ma haka, wani wuri Abdou wani wuri Abdoulaye. Ga waɗanda aka rubuta musu shekarar haihuwa da kintace, aka sake yin hukuncin kotu daga baya da wata shekara daban. Harafi ɗaya ya isa ya tsayar da komai sai an samo takardar shaidar cewa duk mutum ɗaya ne. Na biyu ƙarin girma da aka cancanta amma takardarsa ba ta fito ba, ko ta fito ba ta shiga lissafin albashi ba. Fansho yana tsayawa ne a kan matakin albashi na asali, alawus-alawus ba sa shiga, don haka mataki ɗaya da aka rasa ragi ne a kowane biya har mutuwa, har ga magada. Na uku shekarun da mutum ya yi a kwantaragi ko a matsayin ma'aikacin taimako kafin a ɗauke shi dindindin: ba sa shiga lissafi da kansu, sai an nema an kuma biya abin da ya kamata a cire a wancan lokaci. Duk ukun ana iya gyara su mutum yana da lafiya. Shi ya sa muke ba da shawarar kowace ma'aikata a jiha ta riƙa nuna wa ma'aikaci taƙaitaccen tarihin aikinsa lokaci-lokaci, ya duba ya sa hannu, shi ma ya ajiye kwafin kowace takarda mai lambar matirikil ɗinsa a gida, cikin leda, nesa da gara da yoyon damina.

Tsakanin ranar da aka tsayar da albashi da ranar da fansho ya fara shiga akwai rata, kuma a cikinta ne gidaje ke sayar da fili da dabbobi. Ba a lissafa fansho sai da takardar shaidar tsayar da albashi, ke nan tsarin da kansa yake buɗe ratar. Mai ritayar shekaru ya san ranarsa tun da daɗewa, ya yi shiri. Mai nakasa ba shiri ya yi ba, rabin albashi ma ya riga ya cinye abin da ya tara. Muna roƙon a ba dosiyen nakasa gaba a layi, a kuma duba yiwuwar biyan wani kaso na wucin gadi da za a cire idan lissafi ya kammala. Sannan duk wanda ya ajiye dosiye a ba shi rasiɗi mai kwanan wata da jerin takardun da aka karɓa. Idan wata ta rasa, a faɗi duka a zama ɗaya, kada a riƙa faɗa ɗaya-ɗaya, kowace da tata tafiyar.

Samun fansho rabin aiki ne, riƙe shi shi ne sauran. Abin da ya fi yanke shi takardar shaidar rai ce da ƙidayar 'yan fansho. Ba mu ƙi bincike ba, ko kusa. Asusun da ke biyan matattu ba zai daɗe yana biyan rayayyu ba. Amma ƙa'idar "kowa ya zo da ƙafarsa" an yi ta ne da mai ƙafa a zuciya. Wanda yake kwance a Birni ko Garin Malam sai an ɗauko adaidaita, a cicciɓe shi, ya yi layi a rana, a tarar ofishin da matakala. Na Magarya da Dungas da Matamai sai an yi shatar mota. Idan bincike na yatsa ne, wanda aka yanke wa hannu, ko kuturta ta ci yatsunsa, ko shanyewa ta dunƙule masa tafi, na'ura ba za ta karɓe shi ba. Magani a nan ba mai tsada ba ne: rajistar waɗanda ba sa iya fita, jami'i ɗaya da ma'aikacin lafiya su zaga gidajensu a ranakun da aka sanar, a karkara kuma a karɓi shaidar magajin gari tare da ta shugaban asibitin yankin. A sanar da lokacin bincike a gidajen rediyo da Hausa da Kanuri da Fulfulde da Tamashek, ba a takardar da aka manna a bango kawai ba, wadda makaho ba ya gani, na kwance ba ya zuwa wurinta. Kuma kada a tsayar da fanshon mai nakasa sai an aika masa gargaɗi an ba shi wa'adi. Idan an tsayar bisa kuskure, a mayar masa da abin da ya wuce gaba ɗaya.

Maganar wakili ma tana son gyara. Wanda hannunsa ya shanye, sa hannunsa ya sauya, banki na iya ƙin karɓa. Takardar wakilci da aka buga wa hatimi tana da amfani ga mai cikakken hankali, kuma tana da wa'adi, sai an sabunta. Mai taɓin hankali kuwa ba ya iya wakilta kowa, sai iyali sun zauna an kai wa alƙali ya naɗa mai kula da dukiyarsa. Inda aka bar abin a sake, katin banki yakan faɗa hannun wanda ya fi kowa ƙarfin baki a gida, matar da ke jinya da yara su koma 'yan kallo. Jami'in da ya zo ziyarar shaidar rai yana iya yin tambaya ɗaya a keɓe: kuɗin suna isowa gare ka?

Tambaya biyu ake yawan yi, kuma amsarsu daga bakinku ya kamata ta fito, a rubuce. Ta farko: idan ciwo ya ƙaru bayan an yanke kaso, ta wace hanya ake neman a sake dubawa, kuma cikin wane wa'adi? Ta biyu: mai fanshon nakasa yana iya buɗe ɗan tebur a ƙofar gida, ko ya karɓi ɗan aikin koyarwa a makarantar kuɗi, ba tare da an taɓa haƙƙinsa ba? Rashin bayani ya sa wasu sun naɗe hannu saboda tsoro, wasu kuma sun shiga abin da zai iya jawo musu biyan baya. Ga waɗanda ke ƙarƙashin CNSS, irin direbobi da masu gadi da masu shara na ofisoshin gwamnati, abin ya fi tsauri, domin a can ana kiran mutum mai nakasa ne idan ba ya iya samun fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da takwaransa mai lafiya ke samu, ana kuma duba shekara 5 da rajista da biyan wata 6 cikin 12 na ƙarshe idan ba hatsari ne sanadi ba. Su waɗannan, kafin komai, su je ofishin CNSS na jiha su tabbatar ana zuba musu kuɗin da ake cirewa.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo magada, domin mai nakasa mai tsanani iyalinsa sun fi kusa da wannan buƙata. Auren da aka ɗaura a gaban liman da shaidu aure ne, amma asusu takarda yake nema. Matar da ba a yi wa rajistar aure ba, da yaran da ba su da takardar haihuwa, za su tarar da ƙofa a rufe ranar da mai gida ya rasu, musamman a gidan mata biyu ko uku inda ɗaya ce kawai a dosiye. A sa duba wannan cikin matakan sallamar mai nakasa, tun yana raye yana iya cewa wannan matata ce, waɗannan 'ya'yana ne.

Ranku ya daɗe, yawancin abin da muka lissafa umarnin ofis ne ya isa ya gyara shi, ba sai an taɓa doka ba. Idan za a fara da abu ɗaya, a fara da takarda mai shafi biyu, da Faransanci da Hausa, wadda ta jera matakai tun daga ranar hatsari har zuwa shaidar rai, da wa'adin kowane mataki da ofishin da ke da alhakinsa, a raba ta ga kowace makaranta da asibiti da ofishin gunduma, a kuma karanta ta a rediyo. A shirye muke mu zauna da wakilanku a nan Damagaram mu taimaka wajen tsara ta da gwada ta a kan dosiyen da ke jira.

Allah ya taya ku riƙo. Wassalam.

Daga wasu jami'an kula da ma'aikata, da ma'aikatan lafiya, da 'yan ƙungiyoyin ƙwadago,
Damagaram.